Kafin ka sayi sababbin sandunan golf, Alhaji

Wani bawan Allah daga Kumasi ya aiko da wannan tambaya:

"Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne, ina zaune a Aboabo, shekaruna 54. Likita ne ya ce in riƙa tafiya da ƙafa saboda hawan jini, wani abokin ciniki kuma ya ja ni zuwa wasan golf, ga shi har na shiga shekara ta biyu. Da hannun dama nake bugu. Damuwata ita ce, in na buga da doguwar sandar nan da ake kira direba, ƙwallon yakan tashi kamar zai yi hagu, sai ya lanƙwasa ya faɗa dama cikin bishiyoyi. In kuma na ɗauki gajerun sandunan ƙarfe, sai ya miƙe sak zuwa hagu. Duk wanda na tambaya sai ya ce sandata ba ta bin hanyarta. Wani ya ce in ɗaga hannuwa sama, wani ya ce in kwantar da sandar a bayana, a YouTube kuma kowane malami da irin layin da yake zanawa. Yaron da ke ɗaukar mini jaka ba ya cewa komai sai 'Alhaji, saura kaɗan'. Kunya ta fara hana ni fita da abokai, domin kullum ni ake jira ana neman ƙwallona a cikin ciyawa. Shin in sayi sababbin sanduna ne, ko kuwa girma ne ya zo in haƙura?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara lafiya, ya kuma saka wa likitan da ya fitar da kai daga shago zuwa fili. Kada ka sayi sanduna yanzu, kada kuma ka haƙura, domin alamomi biyun da ka bayyana, wato ƙwallon direba da ke lanƙwasa dama da ƙwallon gajeren ƙarfe da ke miƙewa hagu, tushensu ɗaya ne, kuma yana cikin matsalolin da aka fi sanin maganinsu a wannan wasa. Shekara 54 ba ta hana gyara shi.

Mu fara da abin da abokanka ke nufi idan suka ce sandarka ba ta bin hanyarta. Duk lokacin da mutum ya ɗaga sanda baya ya sauko da ita, kan sandar yana zagaya jikinsa ne a da'ira. Da ƙwallon yana rataye daidai ƙirjinka, da da'irar ta kwanta. Da yana tsakanin ƙafafunka, da ta miƙe tsaye. Tun da yake yana ƙasa, kuma a gabanka, dole da'irar ta kasance a karkace. Ka ƙaddara wani ƙaton faifai irin na rufe ƙwarya, an huda tsakiyarsa ka shiga ka tsaya, bakinsa na ƙasa yana taɓa ciyawa daidai inda ƙwallon yake, bakinsa na sama kuma ya wuce ta bayan kafaɗunka. Bakin wannan faifan kan sanda ke bi, shi ya sa zan riƙa kiransa faifan bugu.

Faifan nan ana duba shi ta fuska biyu, kuma rashin bambance su ne ya jefa ka cikin ruɗani. Na farko shi ne yadda ya miƙe ko ya kwanta. Na biyu shi ne inda ya dosa, wato ko gindinsa ya yi daidai da layin da ya tashi daga ƙwallo zuwa inda kake nufi, ko ya juya hagu, ko ya juya dama. Abokanka biyu, mai cewa ka ɗaga hannu da mai cewa ka kwantar da sanda, suna gardama ne a kan na farko, alhali ciwonka yana wajen na biyu. Faifanka ya juya hagu a lokacin saukowa, saboda haka kan sandar yana zuwa ne daga wajen layi, ya ratsa ƙwallon, ya wuce ta gefen ƙafarka ta hagu. Ko ka ɗaga hannu ko ka sauke, muddin faifan yana duban hagu, ƙwallon ba zai canza hali ba.

Miƙewar faifan ma ba abu ne guda da za a zana wa layi ɗaya a ce kowa ya bi ba. Doka ta yarda mutum ya ɗauki sanduna 14 a jaka, kuma kowace da nata faifan. Direba yakan kai tsawon inci 45, sandar fitar da ƙwallo daga yashi kuwa wajen inci 35 ce. Idan ka ajiye kan sanda daidai a ƙasa, kusurwar da ke tsakanin jikinta da ƙasa takan kama daga digiri 56 zuwa 60 a direba, wajen 62 a ƙarfe mai lamba 7, wajen 64 a gajerun sanduna. Doguwar sanda tana nisanta ka da ƙwallo, faifan ya kwanta. Gajeriya tana kusanto da kai, ka ƙara sunkuyawa, faifan ya miƙe. Wannan canji da kansa yake faruwa in ka tsaya daidai, ba sai ka yi masa wata dabara da hannu ba. Haka kuma dogon mutum faifansa yakan fi na gajere miƙewa, don haka layin da aka zana a kan wani matashin ɗan wasa na Amurka ba lallai ya zama naka ba.

Yawancin layukan da kake gani a bidiyo sun samo asali ne daga Ben Hogan, shahararren ɗan wasan golf na Amurka, wanda a littafinsa na koyar da golf na 1957 ya kwatanta abin da ƙaton gilashi mai huda, wanda ya tashi daga ƙwallo ya kwanta a kan kafaɗun mai bugu, ya ce hannuwa su tsaya a ƙarƙashinsa kada su fasa shi yayin ɗaga sanda. Abin da masu kwaikwayonsa suke yawan tsallakewa shi ne, Hogan da kansa ya bayyana cewa faifan saukowa ya fi na ɗagawa kwanciya, kuma yana ɗan duban dama. A 2005 wani malamin golf mai suna Jim Hardy ya kasa 'yan wasa gida biyu: masu sunkuyawa sosai, waɗanda hannunsu na hagu yakan yi daidai da layin kafaɗunsu idan sanda ta kai sama, da masu tsayuwa a ɗan miƙe, waɗanda hannunsu ke hawa sama da layin kafaɗa. Ya kuma yi gargaɗi cewa gyaran da ke amfanar ɗan wannan gida yana iya cutar da ɗan wancan. To ka ga kowane ɗaya daga cikin abokanka yana karanto maka darasin gidan da ya fito ne, kai kuma kana haɗa su a bugu ɗaya. Dambu in ya yi yawa ba ya jin mai.

Tarihin wasan ya isa hujja cewa babu siffa guda da aka wajabta. Jack Nicklaus ya ci manyan gasanni 18 da hannuwa a can sama, Hogan ya ci 9 da hannuwa a ƙasa-ƙasa. Jim Furyk yakan ɗaga sandarsa tsaye ta wata hanya da babu malamin da zai koya wa ɗalibi, sannan ya murɗo ta ta kwanta kafin ta sauko, amma da wannan salon ya ci gasar US Open a 2003, ya kuma kammala ramuka 18 da bugu 58 a 2016. Inda duk suka haɗu shi ne ɗan guntun nan na saukowa, daga lokacin da hannuwa suka iso daidai ƙugu zuwa lokacin da sanda ta taɓa ƙwallo. A wannan guntun sandarsu tana zuwa ne daga cikin layi, ta gefen jikinsu, ba ta wajen layi ba. A ganina nan kaɗai ya kamata mai shekara biyu a wasan ya zuba ido, sauran kuwa ado ne.

Yanzu ga dalilin da ya sa sanduna biyu suke ba ka sakamako biyu. Ƙwallo yana manne da fuskar sanda ne na wajen rabin kashi ɗaya cikin dubu na sakan, kuma a wannan ɗan lokaci abu biyu kawai yake ji: inda fuskar ke kallo da inda kan sandar ke tafiya. Na'urorin auna bugu irin su TrackMan sun nuna cewa fuskar sanda ce ke da kashi 75 zuwa 85 cikin ɗari na inda ƙwallo zai fara dosa, lanƙwasar da yake yi a sama kuwa tana zuwa ne daga saɓanin da ke tsakanin fuskar da hanyar. Idan hanya ta yi hagu sosai, fuska kuma ta ɗan yi hagu kaɗan ko ta kalli tsakiya, to fuskar a buɗe take, wato tana kallon dama, idan an gwada ta da hanyar, sai ƙwallon ya tashi ta hagu ya karkata dama. A direba, wanda fuskarsa kusan a tsaye take, wannan saɓani yana bayyana ƙuru-ƙuru. A gajeren ƙarfe kuwa fuskar tana kallon sama sosai, jujjuyawar da ƙwallon ke yi ta baya tana rinjayar ta gefe, shi ya sa ba ya lanƙwasa sosai, sai dai ya bi hanyar ya tafi hagu. Gajeren ƙarfenka yana faɗa maka gaskiyar inda faifanka ya dosa.

Akwai kuma wani tarko da nake kyautata zaton ka riga ka faɗa. Mutumin da ya ga ƙwallonsa yana ɓata ta dama, jikinsa yakan nemi tsira ta hanyar juya kafaɗu hagu tun kafin bugu, da matsar da ƙwallon gaba, da fizgo sandar hagu da ƙarfi. Duk waɗannan suna ƙara juya faifan hagu ne, saɓanin ya ƙaru, lanƙwasar ta ƙara muni, shi kuma ya sake ƙara juyawa. Saboda haka shawarata ita ce ka fara gyara fuskar sanda kafin ka taɓa faifan. In ka gyara hanya alhali fuska tana buɗe, ƙwallon zai tashi ta dama ya ƙara lanƙwasa dama, kuma babu mai haƙurin da zai jure ganin haka kwana uku bai koma tsohon halinsa ba.

Gyaran fuska daga riƙo yake farawa. Ka ɗora mariƙin sandar a gindin yatsun hannun hagu, ba a tsakiyar tafi ba, ka juya hannun har sai ka iya ganin ƙasusuwan gindin yatsu biyu ko uku idan ka duba ƙasa, kuma tsagar da ke tsakanin babban yatsa da manuniya ta nuna kafaɗarka ta dama. Hannun dama ya zo ya rufe babban yatsan hagu, tasa tsagar ita ma ta nuna waje ɗaya. Kada ka matse kamar za a ƙwace maka ita, domin hannun da ya sandare ba ya barin fuskar ta rufe a kan lokaci. Da wannan sabon riƙo, ka sa rai ƙwallon zai fara tafiya hagu sak, ko ma ya lanƙwasa hagu. Kada hakan ya tsorata ka, alama ce cewa rabin aikin ya yiwu, kuma daga ranar da jikinka ya daina tsoron dama zai daina fizgo sandar hagu.

Bayan riƙo sai tsayuwa. Ka shimfiɗa sanduna biyu a ƙasa, ɗaya kusa da ƙwallo tana nuna inda kake nufi, ɗaya a gaban yatsun ƙafafunka tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da ta farko. Ƙafafu da ƙugu da kafaɗu duk su bi wannan layi, musamman kafaɗu, domin su ne hannuwa suke bi. Ƙwallon direba ya kasance daidai cikin diddigen hagu, na ƙarfe mai lamba 7 kuma a tsakiyar ƙafafu ko ɗan gaba kaɗan. Dalilin wannan yana cikin faifan kansa: kafin kan sanda ya kai ƙasan da'ira yana tafiya ne ƙasa da kuma dama, bayan ya wuce wurin sai ya juya sama da kuma hagu. Ƙwallon da aka ajiye can gaba yana haɗuwa da sandar ne bayan ta riga ta kama hanyar komawa hagu, ko da kuwa faifan lafiyarsa lau.

Daga nan sai ɗagawa. Abin mamaki, yawancin masu saukowa ta wajen layi sun fara ne da shigar da sandar ciki fiye da kima. Sukan murɗa wuyan hannu tun a taƙin farko, kan sandar ya zagaya bayan ƙafafunsu, fuskar ta buɗe, in suka kai sama sandar ta maƙale a baya, ba ta da wata hanyar dawowa sai a jefo ta ta saman kafaɗa. Ka gwada kanka a gida. Ka juya wa bango baya, ka bar kamar taƙi ɗaya tsakaninsa da ƙugunka, ka sa wa kan sandar tsohuwar safa saboda fenti, sannan ka ɗaga a hankali da ƙirji da hannuwa tare. In kan sandar ya taɓa bango kafin hannuwanka su wuce ƙugu, to ka shige ciki da yawa. Abin da ake so shi ne, lokacin da jikin sandar ya kwanta daidai da ƙasa, kanta ya kasance a layi ɗaya da hannuwanka ko ɗan waje kaɗan, idan kuma hannun hagu ya kwanta daidai da ƙasa, gindin mariƙin ya nuna layin ƙwallo ko ɗan ciki kaɗan. Gidajenmu na zango ba sa rabuwa da yara, saboda haka ka zaɓi lokacin da suka tafi makaranta ko bayan sallar asuba, ka kuma cire babbar riga ka sa wadda ba za ta harɗe maka hannu ba.

Wurin da ya fi wuya, kuma wurin da faifanka ke juyawa hagu, shi ne sauyin da ke tsakanin ɗagawa da saukowa. Saukowar gaba ɗaya ba ta wuce kashi ɗaya cikin huɗu na sakan ba, don haka babu wanda ke iya gyara ta a tsakiya, sai dai ya gyara farkonta. Mai lanƙwasa dama yakan fara da kafaɗar dama, ya tura ta gaba wajen ƙwallo, hannuwa su bi ta su fita waje. Tsarin da ya dace daga ƙasa yake tashi: nauyi ya koma kan ƙafar hagu, ƙugu ya fara buɗewa, bayanka ya ɗan jima yana duban inda za ka buga, hannuwa su faɗo ƙasa, gwiwar hannun dama ta sauko gaban ƙugun dama, sannan ƙirji ya juyo da ƙarfinsa. Don koya wa jiki wannan, ka ɗaga sanda sama, ka sauko da hannuwa zuwa ƙugu sannu a hankali ba tare da juya kafaɗu ba, ka mayar, ka maimaita sau biyu, a na uku ka buga da rabin ƙarfi. Zai taimaka ka yi wa ƙwallon ɗigo da alƙalami, ka ajiye shi ɗigon yana baya kuma yana ɗan duban ƙafarka ta dama, ka yi niyyar dukan wannan ɗigon. Za ka ji kamar kana aika ƙwallon can dama da gangan. Haka ya kamata ka ji, domin jikin da ya saba da hagu yakan ɗauki tsakiya a matsayin dama.

A filin atisaye ka nemi alƙalin da ba ya jin kunyarka. Ka ajiye kwalin da babu komai a ciki, ko hular da ake rufe kan sandar direba da ita, a wajen ƙwallon, tazarar yatsu uku daga bakin sandar, tsawonsa yana bin layi kuma ya ɗan zarce ta baya. In ka sauko ta waje za ka doki kwalin, in ka zo ta ciki za ka wuce shi lafiya. Ka yi wannan da ƙarfe mai lamba 7, ƙwallon a kan ɗan gajeren tsinken ɗorawa, kana ɗaga sanda daga ƙugu zuwa ƙugu kawai, kada ka ƙara tsawo sai ka iya buga goma a jere kwalin bai motsa ba. Ƙwallo 40 da aka buga da lura sun fi kwando uku da aka zubar da direba cikin fushi. Ka riƙa duba sawun da sandar ta bari a ciyawa kuma. Ya ɗan karkata hagu kaɗan ba laifi ba ne, tunda sanda tana ɗebe ƙasa ne bayan ƙwallo, lokacin da ta fara komawa ciki, amma sawu mai zurfi da ya yanke layi ƙarara yana nufin faifan bai dawo ba tukuna. Da damina ƙasar Kumasi takan nuna sawu sarai. Da hunturu kuwa takan bushe sandar ta yi tsalle, sai ka dogara ga kwalin.

Game da bidiyo, wayarka ta isa, amma wurin ajiye ta shi ne komai. A tsaya bayanka kamar mita uku, wayar a tsayin hannuwanka, a kan layin da ya ratsa ta hannuwan ya nufi inda kake bugawa, a kuma ɗauka da tsarin da ke rage gudun hoto. In mai ɗauka ya ɗaga wayar daidai fuskarsa, ko ya matsa gefe taku ɗaya, bugu mai kyau zai yi kama da karkatacce, karkatacce kuma ya yi kama da mai kyau. Mutane da yawa sun ɓata wata guda suna gyara laifin da mai riƙe waya ne ya ƙirƙire shi. Ka duba wuri ɗaya tak a hoton, wato lokacin da hannuwa suka sauko ƙugu: kan sandar yana bayan hannuwan ne ta gefen jikinka, ko ya riga ya fita gabansu ta gefen ƙwallo?

Sai maganar yaron da ke ɗaukar maka jaka. Ladabi ne ya rufe masa baki, domin yaron da aka yi wa tarbiyya ba zai dubi sa'an mahaifinsa ya ce masa bai iya ba, balle kuma yana jiran abin da za a ba shi a ƙarshen wasa. Amma da yawa daga cikin masu ɗaukar jaka sun fi iyayen gidansu iya wasan, kuma babu wanda ya kalli bugunka ta baya kamarsa. Ka daina tambayarsa yadda bugu ya yi. Ka tambaye shi abin da zai iya amsawa ba tare da ya ji ya yi maka rashin kunya ba: ina kafaɗuna suka nuna, ta wane gefen bishiyar can ƙwallon ya fara tashi, sawun ya kalli ina? Ka kuma gaya masa tun farko cewa alherin da za ka yi masa ba ya rataye a kan yabo. Bayan haka ka zaɓi ƙwararren mai koyarwa guda ɗaya, a nan Kumasi ko a filin golf na Achimota in kasuwa ta kai ka Accra, ka ɗauki darasi uku ko huɗu a hannunsa, ka gode wa sauran masu shawara ka bar tasu a inda suka ajiye ta. Idan lokacin gasar Asantehene Open ya zo a filin Royal Golf Club, ka je wurin da ƙwararru ke ɗumama jiki, ka tsaya bayansu nesa kaɗan, ka lura da yadda ɗagawarsu ta sha bamban amma saukowarsu daga ƙugu ta yi kama.

Shekaru suna da nasu haƙƙin. In bayanka ko ƙugunka ba sa barin ka juya sosai, hannuwa ne za su ƙarasa aikin ta hanyar ɗaga sandar tsaye, daga nan kuma sai saukowa ta waje. Ka ɗan buɗe yatsun ƙafafunka biyu waje, ka bar diddigen hagu ya ɗan tashi yayin ɗagawa kamar yadda Nicklaus yake yi, ka kuma tsaya a kashi uku cikin huɗu na ɗagawar maimakon neman kai sandar har bayan wuya. In atisayen ya tayar maka da ciwon baya, ka dakata ka koma wurin likitanka. Ka sani kuma cewa gangare yana karkata faifan: ƙwallon da ke sama da ƙafafunka yana kwantar da shi, bugun ya yi hagu, wanda ke ƙasa da ƙafafunka yana miƙar da shi, bugun ya yi dama. Kada ka yanke wa gyaranka hukunci da bugun da aka yi a kan tudu.

Sanduna kuwa, abin da kawai zai sa in ce ka taɓa aljihu shi ne in waɗanda ke hannunka ba su dace da tsawonka ba, abin da kan faru ga wanda ya sayi na hannu. Ka ja layi mai kauri a tsaye a bayan ƙwallo da alƙalamin allo, ka buga da ƙarfe mai lamba 7, ka duba tambarin da ya fito a fuskar sandar. In ya fito a tsaye, kusurwar ta dace da kai. In ya riƙa fitowa a karkace, mai gyaran sanduna yana iya lanƙwasa wuyan wasu ƙarafan da digiri ɗaya ko biyu, kuma kuɗin hakan bai kama ƙafar kuɗin sabuwar jaka ba. Ka jinkirta wannan gwaji har sai saukowarka ta daidaita, don kada a gyara sanda ta dace da laifin da kake shirin rabuwa da shi.

Kafin gyaran ya zauna, wanda zan ba shi mako shida zuwa takwas, kada ka ƙaurace wa abokanka, tunda tafiyar ce likita ya nema maka. Ka bar direba a jaka, ka riƙa yin bugun farko da sandar da fuskarta ta fi kallon sama, kamar wadda ake kira itace mai lamba 5, domin lanƙwasarta ba ta kai ta direba ba, kuma ɗan nisan da za ka rasa bai kai asarar ƙwallo a cikin bishiyoyi ba. In ka yi shakkar inda ƙwallo ya faɗa, ka sanar ka buga wani ƙwallo na wucin gadi nan take, ka kuma tuna cewa tun 2019 doka ta rage lokacin nema daga minti biyar zuwa uku, in sun cika ka ci gaba. Abin da ke gundurar abokan wasa jira ne, ba yawan bugun wani ba. A cikin fili ka riƙe tunani ɗaya kawai, wato ɗigon da ke bayan ƙwallo, sauran ka bar su ga filin atisaye. Idan kuma bayan waɗannan makonni ka ga ƙwallon ya fara tashi ta dama yana lanƙwasa hagu fiye da yadda kake so, to faifan ya riga ya juyo, sai ka ɗan mayar da hannun hagu baya har ka riƙa ganin ƙasusuwa biyu maimakon uku, sannan ka fito da direba ka gwada shi a gefen kwalin.